Tayar da Baba Ya Ƙwanƙwasa

Yaya tana tura kular abinci ƙarƙashin kujerar baya sai ta ji ƙarar ƙarfe a jikin taya. Ta ɗago kai ta leƙa ta taga. Baba ne, riƙe da guntun rodin da ya ɓoyo daga gida a aljihun rigarsa, yana lalube jikin motar da hannu ɗaya, yana bugun tayoyi da ɗayan. Tun da yanar ido ta kama shi ba ya ganin komai sai haske da inuwa, amma har gobe ba ya shiga mota bai zagaya ta ba.

Ranar ce ya cika shekara saba'in, bisa abin da aka rubuta a tsohon lasisinsa. Rayuwarsa duka tirela ya tuƙa zuwa tashar jirgin ruwa. Sai dai ya shiga sito, a yi masa lodi a bayan doguwar katanga, ya juyo. Idan jikoki suka tambaye shi yadda teku take, sai ya ce, "Warinta kawai na sani, da kukanta. Mai kaya ba ya ba ka lokacin kallon ruwa."

Wannan maganar ce ta zauna wa Yaya a rai. Ita ce babbar 'yarsa, Allah ya jiƙanta da rahama, mai ɗinki ce a wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. Da ƙannenta suka kawo shawarar a kama zaure a yi taro, ta ce ba su da ƙarfin wannan, kuma Baba ba zai ga ko fuska ɗaya a taron ba. Gara a kai shi ya sa ƙafa a ruwan, ko bai gani ba zai ji sanyinsa.

Kowa ya ce tafiyar ta fi taron tsada. Ba ta yi musu ba, ta dai shiga bincike a tsakanin masu kawo mata ɗinki. Ta gano cewa Kawu Guntu, wanda ya yi wa Baba karen mota a zamanin da, yanzu yana da bas tasa, kuma duk ƙarshen wata yakan gangara tashar jirgin ruwa babu fasinja don ya kwaso 'yan kasuwa da kayansu. Ta same shi, suka shirya za ta taimaka da mai, ya tafi da su. Wata da take yi wa ɗinki ta roƙa musu aji ɗaya a makarantar da ƙanwarta ke koyarwa a can, tunda ana hutu, sai su shimfiɗa tabarmi. Dawowa kuma a jirgin ƙasa, a taragon talakawa. Abinci ita ta dafa. Riguna ma na jikoki daga ragowar yaduka ta haɗa su, kowa da irin launinsa.

Abu ɗaya Kawu Guntu ya ce mata: kada hantsi ya yi musu a tasha. 'Yan kasuwa ba sa jira, in ya makara wani zai ɗauke su.

Baba ya kai ga tayar baya ta hagu. Ya buga. Ya karkata kai, ya sake bugawa. Sai ya miƙe.

"Guntu!"

"Na'am, Maigida." Kawu Guntu ya taho da sauri, da furfurarsa da tumbinsa, ya rusuna kamar dai jiya ya bar wanke tirela.

"Wannan ba ta yi ba. A sauke yaran nan."

"Ranka ya daɗe, ai ita ce sabuwa a cikinsu. Saboda kai na sayo ta."

"Sabuwa ba ta kashe mutum? Muryarta ba daidai take ba."

Da an bar su su biyu, wataƙila da sun daidaita. Sai Auta, ƙaramin ɗan Baba, ya leƙo daga ƙofar mota da waya a hannu yana dariya.

"Haba Baba, kunnenka ne ya fara bin sawun idon. Shigo mu tafi don Allah."

Surukan Baba biyu suna tsaye a wurin, da matan 'ya'yansa, da mai shayin da ke gefen tasha. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Baba bai ɗaga murya ba. Ya mayar da rodin aljihu, ya ce, "To. Masu ido da kunne su tafi. Ni in dai wannan tayar ce, ba da ni ba. A kai ni gida."

Yaya ta sauko daga motar. Ba ta kalli Auta ba, shi ma ya san rashin kallon ya fi zagi. Ta kama hannun Baba.

"Wa zai tafi ya bar ango? Baba, abin da ka ce shi za a yi. Zo ka zauna ka sha shayi, a cire ta."

Ta kai shi bencin mai shayi, can ɗaya gefen motar, ta ce a zuba masa mai kauri. Ta yafito 'yarta ta fari, wadda Baba ke kira Amarya, ta raɗa mata cewa kada ta bar shi ya tashi. Yarinyar ta zauna kusa da shi ta ce, "Tsoho, yau in ka ji tsoron ruwa na sake ka, na auri mai jirgi."

"Mai jirgin da zai ɗauki mace mai cin burodi uku? Jirgin nutsewa zai yi."

Yaya ta bar su ta koma bayan mota. Kawu Guntu yana tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ja ta gefe ya buɗe inda yake ajiye tayar ko-ta-kwana.

"'Yar Maigida, dubi da idonki."

Ta duba. Tayar ta suɗe kamar tafin hannu, har zare ya fara leƙowa a gefe guda.

"Wannan amfaninta kawai ta fitar da kai daga daji zuwa wurin mai faci," in ji shi. "Ba zan ɗora jikokinsa a kanta ba, ko zai tsine mini. Waccan kuwa lafiyarta ƙalau. Sauran ukun tsofaffi ne, shi ya sa ya ji tata muryar daban. Ga rana tana ɗagawa. Wallahi ban taɓa ƙetare maganarsa ba, amma yau..."

Auta ya matso. "Yaya, a ce masa an canja kawai. Ai ba gani zai yi ba."

"Mutumin da ya san kukan jak tun ba a haife ka ba?"

"To a lallaɓa a sa shi a ciki. In mota ta tashi ai shi ke nan."

"Buhu ne shi?" Sai yanzu ta dube shi. "Kuma wa ya ce maka ba shi da gaskiya? Kai ka duba ta? Ni ban duba ba. Kawu, sa jak."

"A sa wacce?"

"A cire tukuna."

Kawu Guntu ya shiga ƙarƙashi da jak. Auta ya ajiye waya ya kama sifana ba tare da an ce masa ba, ya hau kai da ƙafa har notin farko ya yi ƙara ya saki. Daga ɗaya gefen muryar Baba ta taso, "A sa dutse a tayar gaba!" Kawu Guntu ya amsa, "An sa, Maigida!" sannan ya yi wa wani suruki alama da ido, shi kuwa ya ruga neman dutse.

Da tayar ta fita, Yaya ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta mirgina ta da kanta zuwa rumfar mai faci a bakin ƙofar tasha. Sabuwar rigar da ta ɗinka wa kanta don tafiyar ta yi baƙi daga gwiwa zuwa ƙasa. Mai facin yana karin kumallo, ya ce ta jira.

"Ɗan'uwa, abincinka ba zai gudu ba, motata za ta gudu. Tsoma mini ita a ruwa."

Ya dube ta, ya dubi tayar. "Hajiya, wannan ko gashinta bai zube ba. Me za a duba?"

"Mahaifina ya ce bai yarda da ita ba."

Ya wanke hannu, ya ɗaga ta ya tsoma a bahon baƙin ruwansa, yana juyawa a hankali. Yaya ta durƙusa, fuskarta dab da ruwan, tana neman kumfa ko da ƙanƙanuwa ce. Babu. Ta sa ya sake zagayawa. Ta sa ya gwada iska, ya ce daidai take. Ya tofa yawu a bakin bawul, inda ake hura iska, bai motsa ba. Duk da haka ba ta tashi ba. Ta bi gefen tayar da yatsunta, ciki da waje, yadda take bin ɗinki tana neman inda zare ya tsallake, ko kumburi, ko tsaga. Ta kai inda ta fara ta sake komawa.

"In 'ya'yanka ne, za ka ɗora su a kai?" ta tambaye shi.

"Har da uwarsu."

Ta mirgino ta ta dawo. Ba ta bi ta gaban mai shayi ba, ta zagaya ta bayan wata babbar mota. Kawu Guntu yana ta duban rana, wayarsa tana ƙara a aljihu yana ƙin ɗauka.

"Mayar da ita," in ji Yaya a hankali. "Auta, ɗauko waccan suɗaɗɗiyar ka buga ta a ƙasa, ka mayar da ita wurinta da ƙarfi, yadda za a ji."

"Yaya, kin ce..."

"Na san abin da na ce. Yi."

Ya yi. Ƙarar ta cika tashar. Aka ɗaure notuna, Kawu Guntu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, aka sauke jak. Yaya ta goge hannu a gyale ta je wurin Baba. Tun tana yarinya ba ta taɓa kawo masa zancen da ba haka yake ba.

"Baba, an gama. Zo ka ji."

Ba ta ce an canja ba. Bakinta ya ƙi.

Ya ajiye kofi, ya dafa kafaɗarta, suka zagayo. Kowa ya zuba ido, har yaran da ke cikin mota suka manna fuska a gilashi. Baba ya ciro rodinsa ya buga sau ɗaya. Ya tsaya. Sai ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗora tafin hannu a kan tayar. A jiƙe take. Yatsunsa suka bi zanen, suka tsaya a kan 'yan tsirin robar nan da ke jikin sabuwar taya. Ya ja ɗaya a hankali ya saki.

Kawu Guntu ya sunkuyar da kai. Auta ya juya baya.

Baba ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙa hannu sama, Yaya ta kama don ta tashe shi, amma bai tashi ba. Ya riƙe hannun yana shafawa. Ya ji danshi, da ƙurar roba, da inda ƙarfe ya ɗan yanke ta a gefen yatsa.

"Wa ya kai ta ruwa?" ya tambaya, yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ni ce, Baba."

"Sau nawa aka juya?"

"Sau biyu. Na bi gefenta da hannu, ciki da waje."

"Bawul?"

"An gwada."

Wayar Kawu Guntu ta sake ɗaukar ƙara, ya danne ta ta cikin aljihu.

"Wa zai zauna a kanta?"

"Ni da 'ya'yana."

Baba ya gyaɗa kai. Ya dafa ta ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗaga murya yadda surukai da mai shayi za su ji.

"Yauwa. Yanzu aka yi aiki. Guntu, me kake jira, sai rana ta faɗi? Haka na koya maka?"

"Tuba nake, Maigida!"

Nan take tasha ta rikice da hayaniya. Aka tura sauran yara ciki, aka ja ƙofa. Auta ya riga kowa zuwa ya buɗe wa Baba gidan gaba, ya sa hannu a saman ƙofar don kada ya buge kai. Baba ya shiga, sai da ya zauna ya ce masa, "Kai mai kunne, zo ka zauna a bayana. In mun isa kai za ka riƙa faɗa mini abin da ake gani." Auta ya ce to.

Kafin Yaya ta hau, Baba ya kira ta ta taga. Ya zaro rodin ya miƙo mata.

"Riƙe. Yana huda mini aljihu. Duk inda aka tsaya, ki sauka ki zagaya."

Ta karɓa. Ta wuce can baya, ta tashi matar ƙaninta daga kujerar hagu ta ce ta koma tsakiya inda babu jijjiga. Ta zaunar da Amarya a jikin taga, ƙaramin ɗanta a cinyarta, ƙafafunta a kan tudun da taya ke ƙarƙashinsa. Motar ta fita daga tasha ta hau kwalta. Yara suka fara waƙa, ana miƙa burodi daga kujera zuwa kujera, a gaba Baba yana faɗa wa Kawu Guntu ya daina taka burki kamar mai kashe kunama.

Aka miƙo wa Yaya nata burodin, ta girgiza kai. Ta ce wa ƙaramin ya yi shiru kaɗan. Ta jingina kai da jikin motar, tana sauraren tayar.