Duwatsun Baba Usur

Duwatsu goma sha ɗaya Baba Usur yake da su, kuma ya san kowanne kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Usur ɗin da ke rataye a wuyansa ne ya cinye sunansa na yanka tun yana tsaron motoci a tsohuwar kasuwa. A can ya koyar da direbobi ƙa'idarsa: wanda ya tare wani, ya bar motarsa a firi, wato ba a kan giya ba, kada ya ja birkin hannu, in na ciki zai fita sai a tura ta gefe. Filin can shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma.

Da aka gina sabon rukunin shaguna a tsakiyar gari, shago tamanin da wurin mota talatin, 'yan kasuwar suka taso da shi da ƙa'idarsa duka. Sai dai sabon filin yana da gangaren da ido ba ya gani, ruwan sama ne ya tona shi, ya miƙe ɗoɗar zuwa get. A bakin get ɗin nan matar Baba take zama ƙarƙashin lema tana sayar da ayaba. Shi ya sa duk motar da aka bari a firi sai ya danna mata dutse a gindin taya.

Ran nan ya je sallar azahar ya dawo, ya tarar da filin tas, har ƙyalli yake yi. Ya duba tayar farko, babu dutse. Ya duba ta biyu. Nan ma babu.

"Ranka ya daɗe, ina duwatsuna?" ya tambayi Manajan shagunan, wanda ke tsaye cikin sabuwar kwat yana duba agogo.

"Na sa masu shara sun kwashe. Masu ginin na tafe, su zo su ga wuri kamar kufai?"

"Motocin nan ba birki a jikinsu."

"To ai ga su nan a tsaye, Baba. Ko tashi za su yi?"

Bai rufe baki ba wata mata ta gama loda kaya a farar motar mai shagon takalma, ta buga murfin baya da ƙarfi. Motar ta motsa. Babu ƙara, babu direba, ta fara silalewa a hankali kamar mai sanɗa, sannan ta ƙara mai.

Baba ya sa usur a baki, iska ta ƙi fita. Ya zuba da gudu, takalminsa ɗaya ya fice, ya kai hannu ƙofar motar, yatsunsa suka zame. Can ƙasa matarsa ta ba filin baya, tana ɓare wa jikarsu ayaba.

"Uwar yara!"

Ta waiwayo. Ba ta tashi ba, rungume yarinyar kawai ta yi.

Aka ji ƙas, motar ta yi tsalle ta tsaya. Tayar gaba ta hau tsibin duwatsun da masu shara suka jibge a bakin get, don sun yi musu nauyin kaiwa bola. Tsakanin hancin motar da gwiwar matar bai fi taƙi ɗaya ba. Ayabar tana hannun yarinyar, ba ta ko yar ba.

Baba ya durƙusa a gaban matarsa.

Manaja ya ƙaraso yana share gumi. Ya dubi motar, ya dubi matar, ya sake duba agogo.

"Allah ya tsare," ya ce. "Baba, a kawar da duwatsun nan daga hanya, sun kusa isowa."

Baba Usur ya dube shi. Sannan ya sunkuya ya ɗauki mafi girma a ciki, ya rungume shi a ƙirji, ya fara hawa gangaren da takalmi ƙafa ɗaya. Akwai sauran motoci goma a sama.