Kakin Mayaƙa a Ƙarƙashin Kujera

"Jakar wa ce wannan?"

Ɗan sanda ne ke tambaya, a shingen da aka tsayar da bas ɗin. Ɗan sandan ya jawo ta daga ƙarƙashin kujerar baya, ya dire ta a bakin ƙofar bas ɗin, ya zuge zif. Tela, da ke zaune kusa da 'yarsa, ya miƙa wuya ya leƙa.

Ya san abin da ke ciki, don shi ya ɗinka. Kakin mayaƙan juyin juya hali ne na zamanin da, na 'yarsa Auta da na 'yan amshinta. Yau da la'asar za ta hau zagayen ƙarshe na gasar waƙa a talabijin, da tsohuwar waƙar mayaƙan. Tun tana rarrafe yake kallon wasannin kwaikwayon wancan zamani da ita a cinya, yana yi wa 'yan wasa gyaran hula daga zaune. Da aka ce ta nemo kayan da suka dace da waƙarta, ya rantse ba zai yi na wasan yara ba. Ya jiƙa yadin a ruwan shayi har ya tsufa, ya goge gwiwoyin da dutse, ya huda kafaɗa da garwashi, ya ɗiga jan rini a bakin ramin.

Cikin wannan ramin ɗan sandan ya zura yatsa.

"Saje, zo ka gani."

Sajen ya taho. Duk makon nan raɗe-raɗi ake yi wai an kama masu shirin kifar da gwamnati, shi ya sa shinge ya cika hanya. Ya laluba ƙasan jakar, ya zaro bindigar katako da aka shafe da baƙin man takalmi. Wata mata ta fara salati.

"Ni dai ba na leƙa kayan mutane, Oga," in ji kwandasta.

"Mai jaka ya fito don Allah," wata tsohuwa ta ce. "Asibiti za ni."

Auta ta damƙe hannun rigarsa. "Baba, bari in yi musu bayani."

"Rufe min baki. Kalli taga." Ya san in suka sauke ta, sai dai ta ji labarin gasar a bakin mutane. Ya miƙe. "Tawa ce, ranka ya daɗe. Ɗinki ne, na shirin talabijin."

"Jinin ma ɗinki ne?"

"Rini ne wallahi."

"Kai da wa kake tafe?"

"Ni kaɗai."

Suka sauke shi, bas ɗin ya tashi. Bai yarda ya kalli tagar ba.

A ofishinsu suka karɓe wayarsa da takalmansa, suka zaunar da shi a benci bayan kanta. Wa ya ba ka aikin? Ina sauran bindigogin? Ya amsa har miyau ya ƙafe masa. Daga wata ƙofar ƙarfe a ciki wani yana ta tari, an ce can za a kai shi idan babban jami'i ya iso.

La'asar na yi wani kurtu ya kunna talabijin ɗin da ke saman kabad.

"Canza mana, ƙwallo muke so."

"Ƙyale, Saje, yau ake fitar da gwani."

Sai ga Auta, cikin doguwar rigar da ta shiga mota da ita, 'yan amshinta a baya da kayan gida. Idanunta sun kumbura. Ta ɗaga makirufo, muryar ta fito tas, babu rawa. Kurtun ya ajiye biro.

Tela ya gyara zama. Ga shaidarsa nan a gabansu. Ya buɗe baki zai yi magana.

"A irin wannan mako take rera waƙar tawaye?" Sajen ya ce, yana tsuke ido. "Wannan ba banza ba. Gobe sai an ɗauko ta, ita da wanda ya koya mata." Ya juyo. "Kai mai kayan talabijin, ka san ta?"

Tela ya dubi ƙofar ƙarfen, ya dubi 'yarsa tana jan baiti na biyu, wanda kullum take shaƙewa a kansa. Yau ta haye shi lafiya.

"Yau na fara ganinta, ranka ya daɗe."

Ya sunkuyar da kai. Yatsun ƙafarsa na bin kiɗan a kan siminti, ya sa ɗaya ƙafar ya danne su.