Abin da Ya Kawo Muhammadu Lawal

Malama Priscilla, mai koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Roni, tana da tambayar da ta ishi ɗalibanta. Duk labarin da aka karanta, sai ta ce a ajiye sunaye da garuruwa, a faɗa mata abin da ya sa marubucin ya ɗauki alƙalami. A ajin kaf, Sadiyya ce ke cafke amsar tun kafin Malama ta rufe baki. Shi ya sa ta sa rai yarinyar za ta haye jarrabawar shiga makarantar kimiyya a ƙarshen wata.

Ranar wata Asabar da hantsi, tana gida tana tsakiyar duba takardun gwaji, mahaifin Sadiyya, Muhammadu Lawal makiyayi, ya yi sallama da kwalbar man shanu. Bayan gaisuwa ya shiga batun rani: ciyawa ta ƙare, shanu sun rame, maƙwabta duk sun yi kudu. Ya ce Sadiyya akwai aikin gida, ga ta ba surutu, ba ta da ci kuma. Malama sai "haka ne" take yi, idonta na kan jan biro. Da zai tashi ya dubi tsakar gidan.

"Malama, gidan nan naki da yalwa. Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai, Baba. A gaishe min da Sadiyya."

Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya sa takalminsa.

Ranar Litinin ba Sadiyya a aji. Ƙawarta Zara ta ce sun tashi da shanu. Malama ta hau faɗa, wai iyayen nan ba su san darajar karatu ba. Zara ta sunkuyar da kai.

"Malama, ai Babanta ya ce ya je roƙonki ta zauna wurinki har a yi jarrabawa, ba ki amsa ba."

Malama ta tuna zancensa na ranar Asabar. Rani, aikin gida, yalwar gida. Mutumin ya faɗi komai, kunya ce kawai ta hana shi fitowa fili. Da a takarda aka ba ta zancen nan, da ta ja layi a ƙarƙashin manufarsa nan take. Takaici ya cika ta. Ta kira lambarsa har ta gaji, ba ta shiga ba.

Ranar jarrabawa ta share ɗakin baƙinta duk da haka, ta shimfiɗa tabarma. Babu wanda ya zo.