Barewar da Ta Ƙi Ɗingishi

Direban motar burodi, wanda ake kira Ba-Birki, ya buge barewa a kwanar bakin daji, mota ta faɗa rami. Shi ya karye a ƙafar hagu, barewar ma haka. Shi aka kai shi asibiti aka naɗe shi da filasta har cinya. Ita kuwa ko sannu ba a yi mata ba, ta ja ƙafa ta shige daji.

Shekara ashirin da biyu yana fita kafin matarsa ta tashi, ya dawo ya tarar da abinci a rufe. Sai da ya karye ya san tana waƙa in tana wanke-wanke, kuma tana da ban dariya. Kullum ta jawo kujera bakin gadonsa su yi ta hira. Daɗi ya kashe shi. Ƙashi ya haɗe tun wata na biyu, amma bawan Allah ya ƙi sakin sanda, don ya san ranar da ya miƙe, ranar zai koma mota.

Sai ga barewar nan, marar kunya, ta fara tsallako shingen lambunsu tana cin kabeji. Ƙafar ta warke a karkace, amma tsallenta ya fi na da. Likita ya zo duba shi ya hango ta ta taga.

"Ba rana ɗaya kuka karye ba? Daga yau ita ce ma'aunina. In na dawo Laraba na ga tana tsalle, kai ma ka warke."

Ba-Birki ya tsorata ƙwarai. Da safe, da matar ta tafi kasuwa, ya fita lambu da bandeji a hannu.

"'Yar'uwa, ki rufa min asiri," ya ce da barewa. "Ɗingishi kaɗan, ranar Laraba kawai. Kabejin duk naki ne."

Ta ci gaba da tauna tana kallonsa. Ya kai hannu zai ɗaure mata ƙafa, ta zabura. Ya bi ta a guje, sanda a kafaɗa. Ta tsallake shinge, ya tsallake, ya dira a gaban matarsa, wadda ta dawo ɗaukar jakar da ta manta.

Kunya ta rufe shi, ya rasa ƙafar da zai ɗaga.

"Ta hagu ce, maigida," ta ce. Ta sauke sandar daga kafaɗarsa ta saka masa a hammata. "Tun watan jiya nake ganinka kana rawa in na juya baya. Ka ji na gaya wa likita? Ɗingisa mu shiga, maƙwabta na kallo. Ban ƙarasa maka labarin jiya ba."