Kyautar Amaryar Saverio

Tun da Saverio ya ja ni bayan ƙofar kicin ya gaya mini abin da matarsa ta ƙunso a jaka, na kasa zama wuri ɗaya. Ƙanena ne, kuma tun yana yaro haka yake, sai ya gama jiƙa aiki sannan ya nemo ni.

Takwas ga Disamba ce, ranar da muke kafa ƙauyen Kirsimeti. A nan birnin Napoli kowane gida da nasa, amma namu, a kan babban tebur, ya cinye rabin falo, da tsaunukansa na ɓawon itace, da gidaje kamar akwatin ashana, da ƙorama mai ruwan gaske. Inda muka bambanta da maƙwabta shi ne mutanen ciki. Tun zamanin kakanmu, duk wanda ya rasu a gidan nan sai a kai hotonsa wurin mai gina 'yan mutum-mutumin laka, a yi kamarsa, a sa a ƙauyen. Kawu Rafele na nan da kwandon kifinsa. Mama ta shiga bara waccan, tana shanya. Mai rai ba ya shiga.

Ita kuwa Ilaria, amaryar Saverio, 'yar birnin Torino ce, can arewa. Hoton ƙauyen ta gani, ta ga manyan dangi kaf suna ciki ban da surukinta, abin ya taɓa mata zuciya. Sai ta je ta sa aka gina Baba, har da hularsa.

"Kai ba ka da baki ne?" na ce wa Saverio.

"Yau da safe na gani, Nunzia. Wata guda tana ɓoye mini."

"To je ka gaya mata."

"Kuka za ta yi."

"Ta yi mana. Kukanta ko na Baba?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Na ji kamar in kwaɗa masa ludayin da ke hannuna.

Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Baba ya rame bana. Tun rani yake zuwa asibiti shi kaɗai, in ka tambaye shi ya ce hawan jini ne, ku rabu da ni. Mutum a irin wannan hali a miƙa masa kansa cikin kwali, a gidan da ma'anar abin ɗaya ce? Na san Baba. Ba zai ce uffan ba, amma zai kwanta da shi a rai har ya kwantar da shi.

Na fito falo. Baba na sunkuye yana shimfiɗa gansakuka a gindin tsauni, Ilaria na miƙa masa 'yan tumakin laka, jakar tana kan cinyarta. Na ce ta kawo in ajiye mata a ɗaki, ta ce a'a, ba ta da nauyi. Na koma kicin na juya miya, na dawo. Na kai kofi, na dawo da shi ba a sha ba. Miyar ma ta kama, ni da ban taɓa ƙona miya ba.

Da ƙyar na janye ta zuwa baranda, wai ta taya ni kwashe shanya.

"Ilaria, akwai wata al'ada a gidan nan da ya kamata..."

"Nunzia," Baba ya kira daga ciki, "ƙoramar nan ta ƙi gudu. Zo ki shiga ƙarƙashin tebur ki duba injin ruwan, ni gwiwata ba za ta iya ba."

Na ce mata ta tsaya nan, kada ta motsa. Na shiga ƙarƙashin teburin ina lalube cikin ƙura da wayoyi. Ruwan ya fara gudu ke nan na hango ƙafafunta a gaban na Baba, na ji ƙarar takarda.

"Baba, ga ɗan abin da na kawo wa ƙauyen."

Na fito da sauri har na buga kai. Ya riga ya buɗe. Ga shi nan a tafin hannunsa, tsawon ɗan yatsa, da hula da gashin baki, har da yadda yake karkata kafaɗa. Mai ginin ya iya aikinsa, Allah ya isa.

Ilaria na murmushi tana jiran yabo. Saverio ya manne a bango. Na buɗe baki zan ce kuskure ne, baƙuwa ce, ba ta sani ba, sai Baba ya ɗaga mini hannu.

Ya daɗe yana juya shi. Ban ga fushi a fuskarsa ba, sai ma kamar an sauke masa kaya. Ya zauna a kujera a hankali, ya dube ni, ya dubi Saverio.

"Ashe kun sani," ya ce. "Na fa roƙi likitan nan kada ya gaya muku sai bayan bikin Kirsimeti."