Ɗan Hankaka a Ƙarƙashin Kwando

Tun daga bakin lungu Mu'minatu ta ji kukan hankaki, amma ba ta zaci gidanta ba ne sai da ta shiga. Sun jeru a kan katanga, sun fi goma, suna ta ƙara kamar ana yanka su. 'Yarta Zahara'u, mai shekara uku, tana maƙure a ƙofar ɗaki, da jini a goshi.

Ta jefar da jakar aikinta ta asibiti, ta sungumi yarinyar. Karta ce ta farcen hankaka, saura kaɗan ta kai ido.

A inuwar rumfa yayan mijinta, Ɗanmaliki, yana zaune yana cin gyaɗa. Ga wani kwando a kife a tsakar gida, da dutse a kai, wani abu na motsi a ciki.

"Yaya, mi ke cikin kwandon ga?"

"Ɗan hankaka ne, Maman Zahara'u. Da kaina na hau giginyar bakin fadama na ɗauko shi. Wani mutum a kasuwar Sanyinna ya ce in yarinya ta sha ruwan da ɗan hankaka ya sha ya rage, kwana bakwai, bakinta zai buɗe. Sai kin gaji da surutu."

"Wa ya ce muku bakinta rufe yake? An auna kunnenta a Tambuwal, lafiya lau! Jiya ta ce 'ruwa'."

"Kalma guda a shekara uku? Ko akun Na'iya mai shago ya fi ta."

Mu'minatu ta dubi kwandon. An raba uwa da ɗanta, an kawo faɗan cikin gidanta, sannan 'yarta ce ta biya da goshi. Waɗannan tsuntsaye kuwa ta san su tun tana yarinya, ba sa mantuwa. Muddin kwandon na nan, Zahara'u ba za ta sake taka tsakar gida ba.

"Ku mayar da shi yanzu."

"Sai kwana bakwai sun cika. Ki jefe su mana, tsuntsaye ne fa."

Mu'minatu ta ɗebo ruwa. Ta wanke ciwon, ta shafa magani, ta kulle yarinyar a ɗaki. Sannan ta yafa zani mai kauri a ka, ta juye ɗan tsuntsun cikin kwando, ta rufe da faifai, ta fita waje inda sabon babur ɗin Ɗanmaliki yake. Ta ɗaure kwandon a bayansa da igiyar guga, tamau.

Hankakin suka tashi gaba ɗaya suka bar katangar. Kafin Ɗanmaliki ya ƙaraso, biyu sun sauka a kan kujerar babur ɗin suna tsaga fatarta, sauran sun yi wa tankin fari-fari da kashi.

"Ke! Babur ɗina!"

"Ku jefe su mana, Yaya. Ko kuwa hanyar fadama, ga ta nan."

Ya rufe kai da babbar riga, ya tada babur, hankaki na kai masa sura har kwanar masallaci. Mu'minatu ta koma ta sa sakata, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa wa Zahara'u tabarma a inda kwandon ya tashi.