Haƙori a Dunduniyar Takalmi

Ni na fara ganin abin kafin kowa, duk wanda ya ce ya riga ni ƙarya yake yi. Ina zaune a kan akwatina a bakin kwana, allura a hannu, baƙin karen dogon gidan nan ya fito ta ƙaramar ƙofa ya cafke Mai Wanki a ƙwauri. Ya faɗi da kekensa, ya kai wa karen shuri, karen ya kama dunduniyar takalminsa ya girgiza, sai ya saki da kansa ya koma ciki yana kuka. Abin da Mai Wanki ya fara yi, jini na zuba, shi ne tattara kayan mutane kada su yi datti.

Shekara arba'in ina gyaran takalma a kwanar nan. Ban taɓa shiga aji ba, amma mota ta taka ni na tashi, rijiya ta rufta da ni na fito, a asibiti har an taɓa ja min zane zuwa kai na yi atishawa. Shi ya sa ake ce min Baba Ƙi-Mutu. In na ce na ga abu, to na gan shi.

Mai Wanki dattijo ne marar hayaniya. Matarsa ta rasu shekara shida, 'yarsa ɗaya tana aure a gari mai nisa. Ɗaki ɗaya gare shi, da teburin guga, da igiyar shanya. Shekara goma sha ɗaya yana yi wa dogon gidan wanki, don haka da aka kai shi asibiti sai ya ce wa ma'aikaciyar jinya faɗuwa ya yi daga keke, wai kada ya tona wa maigidan asiri ya rasa aikin. Sai da ƙafar ta kumbura bayan kwana uku ya faɗi gaskiya. Maigidan ya aiko direbansa ya ce Allah ya sawwaƙe, mako na zagayowa ya ba wa wani wankin.

Wata uku ba ya iya tsayuwa a teburin guga. Masu kawo kaya suka watse ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa ta yi ta roƙo ya koma wurinta, ya rantse ba zai je gidan suruki hannu rabbana ya zauna jiran a zuba masa ba. Shi ya sa ya kai ƙarar neman diyya: a biya shi abin da asibiti ya ci, da abin da zai kafa tebur a can.

Takalman kuwa, ranar da aka sallame shi daga asibiti ya kawo min su. Kullum da yamma yakan dogaro sanda ya zo ya tambaya ko na gama, in ce masa aiki ya yi min yawa. Sai ya zauna a benci mu yi ta hira har masu shaguna su rufe. Ni ma ba kowa a ɗakina sai rediyo.

Ranar zaman kotu da sassafe ya zo, sanda a hannu ɗaya, ƙunshi a ɗaya. Ni ne shaidarsa. Na rataya jakar aikina, wadda ko bayan gida ba na zuwa ba tare da ita ba, muka hau bas. Wani matashi ya tashi ya ba shi kujera, ya zauna da ƙafar a miƙe tsakanin mutane yana ba su haƙuri.

Lauyarsa yarinya ce daga ofishin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Tun farko ta ce masa ya ajiye wandon da karen ya yaga, ya zo da shi ranar zama. A barandar kotu ya miƙa mata ƙunshin da hannu biyu. Ta kwance. Wando fes, ya sha sitaci, karin guga kamar bakin wuƙa, yagar kuma an ɗinke ta da zare mai launi ɗaya har sai ka kai ido kusa.

"Baba, me ka yi wa wandon nan?"

"Wanke shi na yi, 'yata. Sau uku kafin jinin ya fita."

Ta zauna a benci ta dafe goshi. A hankali ta yi masa bayani cewa maigidan ya ce karensa bai taɓa fita ba, faɗuwa ce kawai a kan ƙarfen shinge, ga kuma takardar asibiti ta farko tana mara masa baya da bakin Mai Wanki kansa. Ramukan haƙora da jinin da ke wandon su ne za su yi masa magana, su ne kuma ya goge.

Ya daɗe yana kallon wandon, sannan ya ce, "Shekara talatin ban taɓa miƙa wa mutum kaya da datti ba. A gaban alƙali zan fara?"

Ta dube ni ta ce yanzu sai abin da bakina ya yi.

Awa biyu muna zaune a barandar nan ana kiran wasu. Mai Wanki ya ninke wandonsa ya mayar ƙunshi. Can ya yi 'yar dariya ya ce in aka kori ƙarar ai shi ke nan, yana nan, ban rasa abokin hira ba. Na ɗora jakar a cinya na riƙe ta da hannu biyu.

Bari in faɗi abin da ban faɗa masa ba. Dunduniyar takalmin nan ni na yi ta, da tayar mota da ƙusa biyar, aikin da ba wanda ya iya shi kamar ni. Ranar da ya kawo min gyara na ga tsinin haƙorin kare a karye, ya nutse a roba kusa da ƙusa. Ban san kotu tana son irin wannan ba sai da yarinyar nan ta yi magana a kan wando. Daga lokacin kuwa na sani sarai. Na kuma san in ya ci shari'ar, bencin nan nawa zai koma na ajiye takalma.

Da aka kira ni, lauyan maigidan ya taso yana murmushi, da takalmi mai tsada wanda aka goge shi ba daidai ba. Ya tambayi shekaruna, ya tambayi lafiyar idona. Ya ce ko ni ne mutumin da aka rufe da zane ya tashi, na ce ni ne. Ya ce ko gaskiya ne na faɗa wa mutanen unguwa da kaina na ɗaga motar da ta taka ni.

"Gefe ɗaya na ɗaga," na ce.

Kotu ta ɗauki dariya, har alƙali ya sunkuya kamar yana neman biro. Lauyan ya buɗe hannuwa ya ce ga irin shaidar da aka kawo. Na waiga. Mai Wanki bai yi dariya ba, bai ma ɗago ba. Tafin hannunsa yake bi da shi a kan gwiwarsa, gaba da baya, kamar mai guga.

Sai na buɗe jakar na fito da takalmin ƙafar dama.

"Ranka ya daɗe, an ce ni mai ƙarin gishiri ne, na ji. A bar maganata. A duba dunduniyar nan, sannan a aika a buɗe bakin karen nan a ga wane haƙori ne babu."

Aka miƙa wa alƙali. Ya juya shi, ya sa tabarau, ya taɓa wurin da farce. Ya ce zai sa likitan dabbobi ya je gidan. Maigidan, wanda tun safe bai dubi inda muke ba, ya jawo hannun rigar lauyansa ya yi masa raɗa, suka roƙi a ba su ɗan lokaci. Ashe shi da kansa ya kai karen a duba masa bakin a makon da abin ya faru. Kafin a tashi daga aiki an yi sulhu a gaban alƙali, maigidan zai biya diyya, an rubuta, Mai Wanki ya dangwala yatsa, lauyarsa tana ta share ido tana cewa zafi ne.

A bas, muna komawa, da muka wuce kasuwa Mai Wanki ya juyo ya ce:

"Wata uku kana ce min aiki ya yi maka yawa."

"Hangen nesa ne. Na san ranar nan za ta zo."

Ya daɗe yana kallona. Shi ya fi kowa sanin cewa wani yinin takalmi biyu kawai nake samu. Bai ƙaryata ni ba. Ya ce, "Ka kyauta," ya mayar da fuskarsa taga.

Kafin wata ya ƙare mijin 'yarsa ya zo da mota. Rigata ce abu na ƙarshe da ya goge a teburin nan, a zaune, kafin a kwance ƙafafun teburin a ɗaure shi a saman motar. Har yau ban sa ta ba, tana nan a ninke yadda ya kawo ta.

Takalmin ƙafar dama yana can kotu, sun manna masa takarda sun kulle a kabad. Na hagun yana cikin akwatina, na goge shi, ba ni da wanda zan ba. Wanda duk yake ganin ƙarin gishiri na yi, ya zo kwanar nan da yamma in nuna masa, ya ƙirga ƙusoshin da hannunsa. Ba sai ya zo da kujera ba, bencin ba kowa.